Fitilar da Ba Ta Ga Inna Ba

Akwai wani yaro a Birnin Konni, Shafi'u sunansa. Na ce yaro, amma magidanci ne, da matarsa Samira da 'yar jaririyarsu Farida. Gyaran salula yake yi da haɗa sola, yana da ɗan shago can wajen tasha.

Hannunsa na da albarka, wannan ba zan hana shi ba. Rediyon da ya mutu tun zamanin kakanni, in ka kai masa sai ya yi magana. Aibinsa guda ne: in ya ce abu ya gyaru, to ya gyaru ke nan, ko da abin yana ci da wuta a gabanka.

Asalinsa ɗan ruga ne daga gefen Illela, kuma shi ne ɗan fari ga mahaifiyarsa, Inna A'i. Kun san yadda mutanenmu na ruga suke da ɗan fari. Inna ba ta kama sunansa, ba ta zama inda yake zaune, ba ta yi masa magana baki da baki. In ya zo gaishe ta, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, kansa a ƙasa, ita kuma ta amsa daga bayan labule. Haka suka tashi, haka suka girma. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce.

To, sai yanar ido ta rufe wa Inna gani. Likita ya ce sai ta zauna kusa, ana ɗiga mata magani ana duba ta, har lokacin da za a yi mata aiki. Da ƙyar da siɗin goshi ƙanenta Kawu Halilu ya rarrashe ta ta yarda ta zo Konni ta zauna gidan Shafi'u. Ta ce ta yarda, amma ba za ta kwana cikin gida ba. Ta zaɓi ɗan ɗakin da ke farfajiya, kusa da turken awaki, gindin bishiyar dogon yaro.

Nan wahalar take. Ruwa da bayi suna cikin gida, kuma tsakanin farfajiya da cikin gida akwai zaure. Zauren nan dogo ne, ba taga, ga kwana a tsakiya, ga wani dokin ƙofa mai tudu. Ko da rana tsaka sai mai ido ya lalubi hanya. Inna kuwa duk alwala sai ta ratsa shi, sanda a hannu ɗaya, buta a ɗaya. Da wane hannu za ta riƙe tocila? Makunnin fitila yana jikin bango, amma ba ta ganinsa.

Shafi'u ya ji labari wurin Samira, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Ki bar ni da shi. Zan yi ma Inna fitilar da za ta riƙa kunna kanta."

Ku shaida, da zuciya ɗaya ya fara.

Ya kwaso tarkace daga shago. Ya ɓalle tsohon rimot ɗin tele, wato talabijin, ya cire 'yar ƙwayar nan da ke bakinsa. Ya buɗe mataccen tele, ya ciro idon da ke karɓar saƙon rimot. Ya haɗa su da wasu 'yan ƙwayoyi masu ƙafafu da ban san sunansu ba, yana ɗiga dalma, hayaƙi na shiga masa hanci. Kowanne ya cusa shi cikin guntun baƙin tiyo don kada hasken rana ya ruɗe shi. Ya kafa ɗaya a wannan bango, ɗaya a wancan, suna kallon juna. Ya yi haka a bakin zaure ta waje, ya yi ta ciki, ya ja waya zuwa batirin sola.

Samira na tsaye da goyo tana kallo. Ta ce, "Baban Farida, ni ban ga komi ba."

"Ai ba za ki gani ba. Haske ne da idon mutum bai kama shi. Anfararuj sunanshi. Kamar zare ne anka ɗaure daga nan zuwa nan. In mutum ya gitta ya tsinka zaren, sai fitila ta kama. In an jima ta mutu da kanta."

Ya ɗora salularsa a bakin tiyon, ya buɗe kamara. Sai ga wani ɗan haske ruwan makuba yana ƙyalli a fuskar wayar. Samira ta ce, "Ikon Allah!"

Ya gitta. Ƙyas! Zaure ya yi fari tas.

Daga nan kai ya fara kumbura. Ya cire makunnin bango gaba ɗaya, ya shafe gurbinsa da siminti, wai gidan da ya ci gaba ba ya bukatar makunni.

Da farko a ƙasa ya kafa abin, daidai gwiwa. Sai awaki suka gane hanya. Akuya ta shiga, ƙyas. Ta fito, ƙyas. Kaza ta bi ta, ƙyas. Kafin gari ya waye batir ya sauka, ko salula ba a iya cazawa. Maƙwabcinsa Almoustapha ya leƙo yana dariya ya ce, "Injiniya, ashe awaki ka yi ma lantarki? Sai su fara karatun dare."

Maganar nan ta soki Shafi'u. Ya ɗauko guduma ya ciro tiyon duka. Ya tsaya a bakin zaure ya miƙe, ya sa hannu a ƙirjinsa, ya kai hannun jikin bango, ya yi alama da gawayi. Nan ya kafa. Kuma Shafi'u dogo ne, irin dogayen ruga da sai sun sunkuya suke shiga mota.

Awaki suka huta. Ya shiga, ƙyas. Ya fita, ƙyas. Ya ɗauki bidiyo ya tura wa duniya. Samarin unguwa suka riƙa zuwa kallo, kowa ya gitta ya dawo, ana tafi.

Ni da ku mun riga mun hango inda za a je. Shi bai hango ba.

Inna A'i tsufa ya lanƙwasa ta. Shekarun ɗaukar ƙwaryar nono da tatsa a tsugune sun tara mata kaya a baya. In tana tafiya da sanda, kanta bai fi ƙugun ɗanta ba. Sai ta shige ta ƙarƙashin zaren nan sumul, fitila ko motsi. Ga shi makunnin da a da Samira kan riga ta ta danna mata, an shafe shi da siminti.

Ta ce wani abu? Wa? Inna? Ta kai ƙarar aikin ɗan fari? Ai ko wuƙa aka sa mata a wuya. Sai ta rataya butar a yatsun hannun da ke riƙe da sanda, ɗaya hannun yana shafa bango, tana jan ƙafa a hankali.

Samira ce ta lura. Ta kawo mata tocila, ta ce ko a wuya ta rataya. Inna ta tura ta ƙarƙashin tabarma ta ce, "Mai gidan ga ya yi hitila, duk gari ana zance. In an gan ni da tocila mi za a ce? A ce aikinshi bai yi ba?"

Samira ta jira Shafi'u ya ci tuwo ya sha ruwa, sannan ta ce, "Baban Farida, fitilar ga fa ba ta kama ma Inna."

"Kamar ƙaƙa ba ta kama mata?"

"Kamar yadda na gaya maka. Ta shiga, duhu. Ta fito, duhu."

Ya tashi da hannunsa ko wankewa bai yi ba. Ya gitta. Ƙyas. Ya dawo. Ƙyas. Ya buɗe hannuwa ya ce, "Mi ne ne wannan? Wata ne?"

"Ai kai tana kama maka."

"To na'ura ta san mutum ne? Ta san wannan Shafi'u ne, waccan Inna ce? Samira, don Allah ki riƙa tunani."

"Ni ma in na duƙa ina share wurin ba ta kamawa. Ko ka ɗan saukar da shi?"

"In saukar, awaki su dawo, Almoustapha ya samu abin faɗi? Kuma Inna ce gajera? Inna da ta fi duk matan rugarmu tsawo? Da ƙwarya uku bisa kai take shiga kasuwar Illela, daga nesa ake hango ta."

Kun ji fa. Innar da yake gani a ransa ita ce ta lokacin da yake bin maraƙa. Tun da ya yi hankali bai ɗaga ido ya dube ta tana tsaye ba. In yana farfajiya ba ta fitowa. In ta ji babur ɗinsa, sai ta koma ɗaki ta saki labule. Bai taɓa ganin ta ratsa zauren ba ko sau ɗaya.

Samira ta ce, "To ka laɓe ka gani mana."

"In laɓe ma uwata? Kin ji abin da ya fito bakinki?"

Samira ta ɗauki kwanonta ta yi gaba. Me za ta ce? Mai kunnen ƙashi ko da ganga ka zo masa.

Ba a jima ba abin da ake gudu ya faru. Da asuba Inna za ta yi alwala, ƙafarta ta ci karo da dokin ƙofa. Ta kifa. Buta ta fashe, leɓenta ya tsage, gwiwa ta kumbura. Ba ta yi kira ba. A nan Samira ta same ta zaune cikin ruwa, tana laluben sandarta.

Abin da ta fara cewa shi ne, "Kar ki gaya mishi."

Samira ta gaya masa. Har da kuka.

Hankalinsa ya tashi, gaskiya. Ya ruga ya sayo magani da man zafi, ya durƙusa a bakin labule yana ta sannu. Inna ta ce wa bango, "Ba komi. Tuntuɓe ne."

Ya koma ya zauna ya yi tunani mai zurfi, irin na masu ilimi. Ya duba waya, lafiya. Ya auna batir, lafiya. Ya goge bakin tiyo, ya gitta, ƙyas. Sai ya kaɗa kai ya ce wa Samira, "Na gano. Fitilar na kamawa, idon Inna ne bai ganin hasken. Ƙwan ya yi mata ƙanƙanta."

Jama'a, yaron nan ya tafi shago ya ɗauko wani ƙaton ƙwan fitila, irin wanda ake sawa a filin biki, ya ɗaura a zaure. In ya gitta sai ka ce rana ta faɗo cikin gida. Ƙadangaru ma gudu suke.

Samira ta dube shi, ta dubi ƙwan, ta ce, "Allah ya ba ka lafiya, Baban Farida."

Ya ce, "Amin," yana jin daɗi.

Inna kuwa ta rage shan ruwa don kada bayi ya kama ta. Ta koma yin taimama a ɗaki in Samira ba ta kusa. Tsohuwar da ke son fura kamar me, sai a kai mata ta dawo da rabi. Ranar da matan ruga masu tallar nono suka biyo gaishe ta, ta yi musu magana da Fillanci ƙasa-ƙasa. Saƙo ya tafi Illela.

Ranar kasuwa Shafi'u ya taso daga shago bayan la'asar, hadari ya haɗo, gari ya yi duhu-duhu. Yana shiga farfajiya ya ga takalman fata a bakin zaure, da sandar kiwo jingine da malfa a kanta. Ya san su. Kawu Halilu ne.

Kawu ba mutumin da ake shigar wa a tsaye ba ne. Shi ya yi wa Shafi'u aure, shi ya ba shi saniyar da ya sayar ya buɗe shago. Shafi'u ya kafe babur, ya tuɓe takalmi, ya cire hula. Tun daga waje ya rusuna, ya yi sallama, ya shiga a duƙe kamar yadda aka koya masa.

Duhu.

Ya ƙara taku biyu a duƙe, yana jiran ƙyas. Shiru. Ƙaurinsa ya daki dokin ƙofa, ya tafi da hannuwa, goshinsa ya gaisa da bango.

Daga cikin duhu murya ta ce, "Wa alaikumus salam. Kai ne injiniyan?"

"Ni ne, Kawu. Sannu da zuwa. Kun zo lafiya?"

"Lahiya lau. Ina hitilar da kac cika Konni da labarinta? Har Dogarawa anka tare ni ana ba ni labari. Da na shigo ta haske ni kamar ɓarawo, da na zauna ta mutu ta bar ni. Tun ɗazu nike zaune kamar cikin rijiya."

"Wata waya ce ta motsa, Kawu. Bari in duba."

Ya miƙe ya koma bakin ƙofa. Ƙyas! Haske ya cika zaure, Kawu ya kare ido da hannun riga.

"Subhanallahi! Kashe mu za ka yi? Kuma wa ya ce ka tashi? Ina magana kana tsaye bisa kaina?"

Shafi'u ya koma ya durƙusa. Ƙaurinsa na zafi, amma ba shi ke damunsa ba. Idonsa na kan bakin ƙofa. Ya shigo a duƙe, ba ta kama ba. Ya miƙe, ta kama. Ya dubi alamar gawayin nan da ya yi da hannunsa, har yanzu tana jikin bango.

Kawu ya ce, "Na zo tahiya da yayata. Ta shiga ciki yin sallama da matarka."

"Kawu, aikin idon fa? Likita ya ce..."

"Likita ya ce a gyara ido, bai ce a karya ƙahwa ba. Amana na kawo maka, ba akuya ba."

Fitila ta cika lokacinta ta mutu. Suka koma cikin duhu.

Sai ga ƙarar sanda daga cikin gida. Ƙwas. Ƙwas. Da wani sauti kuma, shuu, shuu, tafin hannu yana shafa bango. Ta shigo ta bakin ciki. Fitila ba ta ce komai ba. Shafi'u yana durƙushe yana jin numfashinta, yana jin yadda take tura ƙafa tana neman dokin ƙofa, tana bisimilla a hankali. Abin da take yi ke nan kullum, sau biyar, shi yana can yana nuna wa mutane bidiyo.

Samira ta biyo bayanta da ƙullin kaya a ka. Ƙyas!

Haske ya sauka a kan Inna, kuma a karon nan Shafi'u bai sunkuyar da kai ba. Ya dube ta. Ya ga 'yar tsohuwa a lanƙwashe kamar lauje, leɓe da tabo, ƙafa ɗaya ɗaure da tsumma. Yana durƙushe, amma kansa da nata kusan daidai suke.

Ya ce, "Inna, ki yi mini aikin gafara. Yanzun nan zan sauke shi. Kafin a kira magariba na gama. Don Allah kar ki tafi."

Inna ba ta juyo ba. Ta tsaya, ta daidaita sandarta, ta ce wa Samira, "Ɗiyata, ki ce ma mai gidan ga hitilarshi ta yi kyau. Kowa na yabo. Allah shi yi albarka."

Ta wuce. Ta bi ta ƙarƙashin zaren waje ma, ta fita farfajiya.

Shafi'u ya kama ƙafar Kawu. Kawu ya zare ƙafarsa ya ce, "Macen da ta ɗaure kaya ta kira ɗan'uwanta, kai ka taɓa ganin ta kwance? Sake ni, mota na jira."

Suna fita ya ɗauko guduma. Saukar da tiyon nan bai kai shan shayi ɗaya ba. Ya kafa shi ƙasa da ƙugu, inda ya fi akuya, bai kai tsawon tsohuwa ba. Ya fasa simintin ya mai da makunni. Ya cire ƙwan filin biki. Samira na tsaye da goyo, ba ta ce masa na gaya maka ba. Cewa ta yi, "Ashe da sauƙi."

Da ta zage shi da ya fi masa.

An yi aikin ido, alhamdu lillahi, amma ku tambayi Shafi'u yadda aka yi. Duk ranar ganin likita sai ya rufe shago, ya kama hanyar Illela, ya saki kwalta ya shiga yashi har ruga, ya ɗauko ta da Kawu, ya kai su asibiti, ya mai da su kafin rana ta faɗi. Cikin damina, da laka da komai. Bai taɓa cewa uffan ba.

In sun biyo ta gidan, Inna gindin dogon yaro take zama. Nan Samira ke kawo mata ruwa da fura, nan take karɓar Farida ta yi mata wasa. An yi an yi ta shiga ciki, ta ce nan ma ya isa, iska ta fi.

Fitila tana nan tana aiki. Tana kama wa baƙo, tana kama wa mai talla, tana kama wa Almoustapha in ya zo aron caja. Wadda aka yi dominta ce kawai ba ta taɓa kama wa ba.

Darasi: In za ka yi wa mutum alheri, auna da tsawonsa, kada ka auna da naka. Abu ya yi maka aiki ba shi ne ya yi wa kowa ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In na kusa da kai ya ce akwai gyara, je ka duba kafin ka buɗe baki. Kuma 'ya'yana, iyayenmu da yawa ba za su taɓa cewa sun wahala ba. Kunya ta ce ka sunkuyar da kai, ba ta ce ka rufe ido ba. Ku riƙa duban tsofaffinku yadda suke yau, ba yadda kuka san su da ba. Ku tura wannan ga duk mai tsohuwa ko tsoho a gida, tun ba su ɗaure kaya ba.